Abin Da Sojan Arewa Ya Karanta A Dajin Bama

A Gidan Dare da sauran unguwannin birnin Sakkwato, da wuya a yau a sami dattijo mai rai wanda ya halarci Yaƙin Bama. Shekaru sama da 80 sun shuɗe, kuma labarin yana bin masu shi zuwa kushewa. Wani ɓangarensa da aka fi mantawa shi ne na karatun da sojojin nan suka yi a bakin dāga.

A shekarar 1943 aka kwashi runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya, ta 82 kuma ta bi bayanta a 1944, domin yaƙar Japan a ƙasar Bama. Da yawan mayaƙan Nijeriya 'yan lardunan Arewa ne, har ma Hausa ce harshen bariki. Akasarinsu ba su taɓa shiga makarantar boko ba, amma akwai waɗanda suka yi ta allo. Saboda haka karatunsu na farko Alƙur'ani ne da addu'o'in neman tsari, tare da taimakon limaman da aka haɗa bataliyoyi da su.

Na biyu kuwa jarida ce. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma ta riƙa isa hannun sojoji a ƙetare. A kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota ta kirki, jiragen sama ne ke jefa wa runduna ta 81 abinci da harsasai da laima, saƙonnin gida ma ta sama suke zuwa. Wanda ya iya boko shi ke karanta wa 'yan'uwansa, kowa na kasa kunne ko za a ambaci garinsu. Turawan hafsoshi kuwa suna da tasu jaridar mai suna SEAC, wadda aka fara bugawa a Kalkata a 1944.

To amma abin bai tsaya ga sauraro ba. Hukumar soja ta buɗe azuzuwan koyon karatu da Turanci, kuma ɗokin aika wa iyali wasiƙa ba tare da wani ya ji sirrin gida ba ya sa manoma da yawa suka kama fensir. Wasu har editan Gaskiya suka rubuta wa, aka buga wasiƙunsu. Da suka komo a 1946, sun komo da ido buɗe, kuma dawowar mayaƙan ce Malam Sa'adu Zungur ya yi wa waƙarsa ta Maraba da Soja.

A yau sunayen Arakan da Myohaung suna jikin barikoki a Legas, Chindit kuma a Zariya. Sai dai suna ba ya ba da labari. Labarin yana cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe, inda gara ke cin wasiƙu da takardun sallama. Ya kamata magada su kai irin waɗannan takardu Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, ɗalibai kuma su taimaka wajen nemo su. In an yi sakaci, bakin Bature kaɗai za a ji tarihin Bama.