Masu Sassaƙar Mazaunin Bawul: Sana'ar Awo da Haƙuri

Ƙarfin injin mota numfashi ne. Iya iskar da ya shaƙa, iya man da zai ƙona, iya kuma ƙarfin da zai bayar. Ƙofar wannan numfashi kuwa ita ce bawul, wanda a gudun inji na juyi 6,000 cikin minti ɗaya yake buɗewa ya rufe sau 50 a kowace daƙiƙa. Inda yake sauka idan ya rufe wani siririn zobe ne a jikin kan inji, abin da kanikawa ke kira top silinda. Faɗin zoben bai wuce milimita biyu ba, amma akwai mutanen da sana'arsu ke nan: sassaƙar wannan mazauni.

Yawancin injuna, mazaunin bawul ɗinsu a karkace yake da digiri 45. Idan aka bar shi da wannan kusurwa ita kaɗai, iskar da ta taho daga bututu sai ta ci karo da kaifin baki, ta rabu da bango, ta hautsine, hanyar ta ƙuntata. Duk mai noman rani ya san haka: ruwan da aka karya wa kwana farat ɗaya dambarwa yake yi, wanda aka lanƙwasa wa hanya a hankali kuwa salin-alin yake wucewa. Shi ya sa gwani ke ƙara yanka biyu, ɗaya mai digiri 60 daga can ciki wajen maƙogwaro, ɗaya mai digiri 30 daga bakin ɗakin ƙonewa. Masu kusurwa biyar sukan ƙara 75 da 15. Amfanin ya fi fitowa a lokacin da bawul ya ɗan ɗaga kaɗan, domin sau ɗaya yake kaiwa ƙololuwa a kowane zagaye, amma sau biyu yake ratsa ƙaramar buɗewa, a tafiya da dawowa.

A garejojin tseren motoci na Amurka an zurfafa wannan ilimi sosai, musamman wajen masu haɗa injunan NASCAR, inda wasu ke kai mazaunin digiri 50 ko 55 don samun iska a babbar buɗewa. Ba da ka suke yi ba. Suna ɗora kan injin a na'urar awon iska irin ta SuperFlow, su gwada, su sake yanka, su sake gwadawa.

Ka tsaya kusa da mai aikin ka gani. Ba ya taɓa wuƙar yanka sai ya duba gaid, wato bututun da sandar bawul ke kai-komo a ciki, domin idan ya cinye, duk abin da aka yanka karkatacce ne. Sai ya zura sandar saiti a ciki, ya sauke wuƙar a hankali, a babban inji irin Serdi na Faransa ko Rottler na Amurka, ko kuma da wuƙar hannu ta Neway. Ɓarɓashin ƙarfe na fita kamar gari, zobba uku suna bayyana, kowanne da ƙyallinsa. Daga nan ya shafa wa fuskar bawul shuɗin fenti, ya dangwala shi a mazaunin, ya ɗaga. Shuɗin ya zagaye ba tare da yankewa ba? Ya zauna inda ake so? Sannan ya ɗora agogon awo: karkatar da ta haura 0.05 na milimita ba ta karɓuwa.

Faɗin mazaunin ma da lissafinsa. Na shigar iska akan bar shi milimita 1 zuwa 1.5, na fitar hayaƙi kuwa 1.5 zuwa 2, saboda bawul ɗin hayaƙi yakan kai zafin digiri 700 ko fiye, kuma mafi yawan zafin ta mazaunin yake sauke shi. Ka siranta shi da yawa, bawul ya ƙone. Ka faɗaɗa shi, gawayi ya taru ya hana shi rufuwa.

Mu ma abin ya shafe mu. Tun bayan cire tallafin mai a Najeriya a 2023, motoci da yawa sun koma gas na CNG. Gas busasshe ne, ba ya barin komai da zai tausasa saukar bawul, don haka mazauni mara ƙwari yakan lotsa da sauri, tazarar bawul ta rufe, inji ya soma rasa ƙarfi. Gurza bawul da man gurzawa, kamar yadda aka saba a garejojinmu, yana share ƙananan tabo, amma ba ya miƙe mazaunin da ya karkace, kuma yawan yinsa faɗaɗa zoben yake yi.

Hannu da ido muna da su a Kano da Kaduna da Maraɗi. Abin da ya kamata iyayen gida su ƙara wa yaransu shi ne agogon awo da sanin dalilin kowace kusurwa. Yaron da ya iya waɗannan biyu ba zai rasa aiki ba, kuma mai motar da ya gyara wa inji zai daɗe bai sake kwance shi ba.