Muryar da Ba Ta Jiran Lasifika

Wata Asabar da la'asar sakaliya, a wani lungu kusa da babban masallacin Zongo a Kwatano, an kafa rumfa, an jera kujerun roba, ana bikin aure. Mai kiɗan na'ura ya ƙure lasifika har hanjin mutum na kaɗawa, mata sun sha anko, ana ta liƙi da sefa. Kwatsam aka ɗauke wuta. Janareto ma ya ce bai san zance ba, yaro ya ja igiya har ya jiƙe da gumi, ko tari bai yi ba. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar baburan haya masu rigar ruwan ɗorawa da ke wucewa a bakin titi.

Can sai wata dattijuwa mutuniyar Maraɗi, wadda tun ɗazu ba wanda ya bi ta kanta, ta ce a miƙo mata ƙwarya. Aka kifa ƙwaryar a baho mai ruwa, aka ba ta ludayi. Ta gyara ɗaurin zane, ta kafa ƙafafu, ta ɗan ɗaga haɓa, ta buɗe baki. Abin da ya fito ya cika rumfar, ya tsallake katanga, har mai shayin kan kwana ya leƙo. Jijiyar wuyanta ba ta tashi ba, fuskarta kuwa kamar mai hira. Da ta sauke, wata budurwa ta ce, "Inna, ashe haka kike?" Ta ce, "'Yar nan, mu da muka tashi ba makirufo, in muryarki ba ta kai ƙofar gida ba wa zai ba ki ko dala?"

Irin wannan murya tana da suna da daraja a wasu ƙasashe. A Amurka da Ingila akwai wasan kwaikwayo na dandamali wanda ake tafiyar da labarinsa da waƙa, cibiyarsa a Amurka ita ce unguwar Broadway a birnin New York. A can ana ware matan da ke iya ɗaukar muryar magana, mai kauri da nauyi, su hau da ita sama inda yawancin mata kan koma siririyar murya, su kuma riƙe ta a can ba tare da ta karye ba. Cikin waɗanda suka fara yin suna da wannan akwai Ethel Merman. A 1930, a wani wasa mai suna Girl Crazy, ta riƙe sauti ɗaya tsawon gaɓa 16 ta kiɗa, makaɗa na ta bugu a gabanta, ba makirufo a jikinta, amma na kujerar ƙarshe ya ji ta tar. Daga daren nan ta zama tauraruwa. Bayanta an yi Patti LuPone a wasan Evita a 1979, da Jennifer Holliday a Dreamgirls a 1981, da Idina Menzel a Wicked a 2003. Akwai kuma Cynthia Erivo, haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, da ta ci kyautar Tony a 2016 saboda rawar da ta taka a The Color Purple. Masoya wannan fage sukan kwana suna gardamar wace ce ta fi wata ƙarfin murya, kamar yadda namu ke gardamar Shata da Ɗankwairo.

To me ke faruwa a cikin wuya? A bayan zakaran wuya akwai wasu 'yan tsokoki biyu masu kama da leɓɓa, waɗanda a jikin mace tsawonsu bai kai santimita 2 ba. Iskar huhu ce ke bi ta tsakaninsu ta sa su kaɗawa. Idan mace na magana sukan buɗe su rufe kusan sau 200 a daƙiƙa guda, sautin da Merman ta riƙe kuwa yana buƙatar fiye da sau 500. Duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu ya san dabarar: in ya matse tsirkiya a hammata fata ta ɗame, sauti ya hau, in ya saki ya sauko. Haka tsokokin nan suke. Idan suna da kauri suna haɗuwa sosai, sai a sami muryar ƙirji, wadda muke magana da ita. Idan suka miƙe suka sirance, gefensu kawai ke taɓa juna, sai a sami muryar ka, mai laushi kamar sarewa. Tsakanin biyun akwai wata gaɓa inda murya kan yi tuntuɓe, kowa ya taɓa jin ta a bakin mai koyon waƙa. Gwanintar da muke magana a kai ita ce tsallake gaɓar nan da kaurin muryar ƙirji.

Amma fa ƙarfin ba daga maƙogwaro yake zuwa ba, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Numfashi daga ciki yake tasowa, haƙarƙari a buɗe, baya da ƙugu suna tallafe. Baki kuma ana buɗe shi kamar bakin kakaki, harshe ya matso gaba, sai sauti ya sami wani kaifi. Kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama sautin da ke da irin wannan kaifi, shi ya sa kukan jariri ke tashin mai nauyin barci, shi ya sa kuma algaita ɗaya ke ratsa tambura goma a ranar hawan sallah. Zabiya ta gari algaita ce. Mai ihu kuwa tana tura iska ne da ƙarfin tsiya ta maƙogwaro a shaƙe, kafin a watse biki muryarta ta dishe.

Mu ba mu jira wani ya koya mana wannan ba. Yarinyar da ta tashi tana ba da waƙar gaɗa a dandali, ƙawaye ashirin na tafi suna amshi, dole ta nemo muryar da za ta hau kansu. Haka mai tallar fura, haka mai guɗa, haka 'yan matan da ke tashe a watan azumi, suna kwaikwayon zaman aure a wasan Mairama da Daudu, wanda in an duba da kyau wasan kwaikwayo ne da ake tafiyar da shi da waƙa, sai dai dandamalinsa tsakar gida ne. Tun a ƙarni na 19 jajis, wato malamai matan da Nana Asma'u ta horar, ke bin ƙauyuka suna rera wa taron mata waƙoƙin ilimi, ba abin da ke kai saƙon kunnen ta bayan taro sai muryar jaji.

Idan ana zancen ƙarfin murya a ƙasar Hausa, ni dai a wurina Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ce a gaba. Kiɗan amada ba kiɗan lallashi ba ne. Ƙore ne ake kifawa, wasu a ƙasa wasu a ruwa, mata na dukansu ba sassauci, 'yan amshi na binta a guje, ga guɗa, ga shewa. A cikin wannan hargowa Barmani kan jefa magana a ji kowane harafi. Muryarta na da ɗan kaushi, irin na wadda ta ga jiya ta ga yau, kuma ba ta ɓoye shi. Da ita ta zaburar da matan kulle su kama sana'a, da ita ta yi wa kishiya shaguɓe, da ita ta faɗi abubuwan da maza ke sunkuyar da kai in sun ji. Abin lura shi ne ba ta cika hawa can ƙololuwa ba. Tana tsayawa ne a inda muryarta ta fi nauyi, ta yi ta sassaƙa kalma a kan bugun ƙwarya, awa da awanni. Mawaƙiyar Broadway na tara ƙarfinta ne don wani sauti guda a ƙarshen waƙa wanda zai ta da 'yan kallo tsaye, ita kuwa zabiya ana auna ta da juriya, a fara bayan isha'i a kai tsakar dare muryar na nan daram. Barmani ta rasu a 2013. Kafin ita an yi Uwaliya Mai Amada a Kano, wadda ta share wa irin su Barmani hanya.

Akwai Magajiya Ɗambatta, wadda muryarta ta cika rediyo a zamaninta. Ƙarshen rayuwarta abin kunya ne gare mu duka: ta makance, har ta kai ga bara, sai daga baya jama'a suka farga suka yi mata gidauniya kafin rasuwarta a 2021. A Nijar kuma an yi Hamsu Garba, haifaffiyar Maraɗi, wadda ta saba tsayawa gaban taron dubbai a filin siyasa, ta rasu a 2022.

Mu mazauna Zongo muna da wani misali a ƙofar gida, ko da ba Bahaushiya ba ce. Angélique Kidjo, 'yar ƙasar nan ta Benin da aka haifa a 1960, ta fara hawa dandamali tana shekara 6 a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mahaifiyarta. Ta koma Faris a 1983, yau tana da kyautar Grammy 5. Mace ce 'yar ƙarama a jiki, amma in ta saki murya sai ka waiga ka ga ko wata ce a bayanta. A 2022 ta fito a Amurka da wasan Yemandja, wasan kwaikwayo mai waƙa da aka gina labarinsa a Dahomey ta ƙarni na 19, wanda ta shirya tare da mijinta da 'yarta. Ba ta sirantar da muryarta don ta burge Turawa ba. Da muryar matan kasuwa da ta masu waƙar gargajiyar Fon ta je musu, su ne suka biyo ta.

Mu kuwa sai muka yi akasin haka. Finafinan Hausa su ne wasanmu mai waƙa na wannan zamani, tun daga lokacin fim ɗin Sangaya da aka shiga yayin rawa da waƙa gadan-gadan. Sai dai tsarin daga Indiya aka ɗauko shi: mawaƙiya na rerawa a situdiyo, jaruma na mamin a gaban kyamara. Tare da tsarin aka kwaso har da irin muryar, wato siririyar nan mai zaƙi ta su Lata Mangeshkar da kunnuwanmu suka sha tun zamanin silima. Ba na raina wannan. Fati Nijar da Maryam Sangandale da Fantimoti sun yi waƙoƙin da har gobe ana sa su a gidan biki, kuma riƙe siririyar murya a kan daidai ba ƙaramin aiki ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya biyo baya. Yanzu kwamfuta ce ke gyara sauti, ta ɗaga shi, ta goge duk wani kaushi, har ka saurari mata biyar ka rantse mutum ɗaya ce. Makirufo na daf da leɓe, ko raɗa aka yi zai ɗauka, don haka ba abin da ke tilasta wa yarinya ta koyi numfashi. A gayyato ta biki, sai ta zo da waƙar a waya, a sa, tana motsa baki. Ranar da wuta ta ɗauke, sai kallon-kallo.

Ga masu sha'awar wannan fage, da malaman Islamiyya masu koyar da ƙasida, da masu talla, da duk wadda abincinta ke bakinta, akwai abin kiyayewa. Tsokokin murya nan biyu nama ne, suna gajiya. In ana gwara su da ƙarfi kullum sukan yi kanta, kamar tafin hannun mai daka, sai murya ta riƙa fita da iska-iska. A Broadway wasa 8 ake yi a mako, amma a Evita sai da aka samo wata ta riƙa karɓar LuPone a wasannin rana saboda nauyin waƙoƙin. Julie Andrews, wadda duniya ta san zaƙin muryarta, an yi mata aiki a maƙogwaro a 1997, muryar waƙar ba ta dawo yadda take ba. Adele ma sai da aka yi mata aiki a 2011 bayan jini ya ɓalle a wurin. Waɗannan masu likitoci ne na musamman, ina ga wadda ke waƙa a cikin hayaƙin babura na Kwatano, ko a ƙurar hunturun Maraɗi da Kano?

Zuma da citta da kanumfari da muke dogaro da su suna sanyaya maƙoshi, ba laifi a sha. Amma a sani hanyar abinci daban, hanyar iska daban, abin da aka haɗiya ba ya bi ta kan tsokokin murya, da ya bi da an ƙware. Abin da ke taimakonsu shi ne yawan shan ruwa tun kafin a ji ƙishi, da tururin ruwan zafi, da barci, da yin shiru bayan aiki. Raɗa ba hutu ba ce, ita ma tana wahalar da su. Shisha da sigari abokan gaba ne, haka cin yaji da maiƙo a kwanta nan take, domin tsamin ciki kan taso ya ƙona wurin cikin dare. Kada a fara waƙa da sauti mafi tsawo, a ɗan yi gunguni a hankali tukuna, kamar yadda ake ɗumama fatar ganga kafin a buga. Waƙar da ake yi daidai ba ta sa zafi, in kin ji zafi ko ƙaiƙayi ki tsaya. Dishewar da ta wuce mako 3 ba ta jiƙo ba ce, a je a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Iyayen biki na Zongo, in kun ware kuɗin mai na'ura da na rumfa, ku ware na zabiya da masu ƙwarya, ku ba su ko da awa ɗaya a kashe lasifika. Ku kuma 'yan mata masu son waƙa, irin dattijuwar nan ba su ƙare ba a lungunanmu. Ku kai musu goro, ku zauna kusa, ku kalli inda suke ɗauko numfashi tun suna da rai.