Boris Ɗin Amalanke: A Duba Shi Kafin Kaka

'Yan'uwa manoma, kaka ta gabato. Nan da 'yan makonni amalanken ƙungiya zai shiga jigilar dawa da masara daga gona zuwa rumbu. Bara mun ga abin da ya sami wata ƙungiya da muka ziyarta. Tun da damina tayar amalankensu take ƙara, amma aka ce a bari sai an gama girbi. Ran nan an yi lodi, ana tsakiyar hanya sai taya ta cije. Boris ya farfashe, ya cinye sandar da taya ke juyawa a kanta. Maimakon kuɗin boris, sai da suka sayi sabuwar sanda. Amalanke ya yi kwanaki a zaune, masara kuwa tana jibge a gona, awaki da gara suna cin rabonsu.

Boris zoben ƙarfe ne mai 'ya'ya a ciki, shi ne ke sa taya ta juya da sauƙi. Amalanken da aka haɗa da ƙafar tsohuwar mota yakan zo da boris biyu a kowace taya, na ciki da na waje. Sau da yawa 'ya'yansu dogaye ne, gefe ɗaya ya fi kauri. Wani maƙerin keken doki a Amurka, Henry Timken, shi ya yi rajistar irin wannan boris a 1898, don dabba ta ja kaya ba tare da wahala mai yawa ba. In boris ya lalace, shanunmu ne ke biyan bashin da wuyansu.

Abu uku ke kashe shi: ƙasa, da ruwa, da rashin giris. Ga yadda za mu gane. A ɗaga taya da jak, a tokare amalanke da kututture don kada ya faɗo wa mutum. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In tana wasa, ko in an juya ta ana jin gurzawa, lokaci ya yi. Haka kuma in an dawo daga hanya a taɓa cibiyar taya. Ɗumi ba laifi, amma in hannu bai iya zama ba, akwai matsala.

Wajen canji, a shimfiɗa buhu mai tsabta. A cire murfi, da fil, da noti, a jera su bi da bi. A zare taya, a fitar da tsohon boris tare da zoben da yake zama a ciki. Kada a sa sabo cikin tsohon zobe, ba zai daɗe ba. A wanke wurin da kananzir, a duba sanda ko ta ci.

A tafi kasuwa da tsohon a hannu, gama akwai lamba a jikinsa. A masu lamba irin 30206, in aka ninka biyun ƙarshe sau 5 za a sami faɗin ramin: 06 shi ne milimita 30. A sayi sabuwar robar da ke tare giris ita ma. Mu guji na banza-banza, araha ba ta ado.

Sabon zobe kuwa, kada guduma ta taɓa shi kai tsaye. A ɗora tsohon a kansa, a riƙa bugawa a hankali kewaye har ya zauna daidai. A cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo tsakanin 'ya'yan. Sai a ɗaure noti ana juya taya, sa'an nan a sassauta kaɗan, a sa sabon fil. In noti ya matse ƙwarai boris zai ƙone, in ya yi sako-sako taya za ta yi rawa.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta kawo wannan magana a taronta na gaba. A zaɓi mutum ɗaya mai kula da amalanke. Ma'aji ya riƙa ware wani abu daga kuɗin haya don giris da boris. A duba tayoyi kafin kaka, da bayan damina, da duk lokacin da amalanke ya ratsa rafi. Aikin yini guda ne, amma shi zai kawo hatsinmu gida.