Bakin Majiyyaci Shi Ne Ma'aunin Ciwo Mai Daɗewa

In zazzaɓi ya kama mutum, malamin asibiti yana da ma'aunin zafi da zai sa masa a hamata ya karanta. In kuma ana zaton tsutsar ciki ce, sai a duba bayan gida a madubin likita. Amma zogi, watau raɗaɗin da mutum ke ji a jikinsa, har yau ba a ƙera abin da zai auna shi ba. Hoton ƙashi ma ba ya faɗinsa. Akan sami wanda hoton bayansa ya nuna ƙashi ya ci, amma yana nomansa garau, a sami wani kuma hotonsa lafiya lau, shi kuwa ko ruku'u ba ya iyawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka likitoci suka fito da hanyar karɓar awon daga bakin majiyyaci, su rubuta shi kamar yadda suke rubuta awon jini.

Abin da ake nufi da ciwo mai daɗewa shi ne zogin da ya wuce wata 3 bai rabu da mutum ba, ko kuwa yana tafiya yana komowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi gurbi na kansa a cikin sabon jerin cututtukanta wanda ya fara aiki a 2022. Ciwon bayan manoma da 'yan dako yana ciki, da ciwon gwiwar dattawa, da zogin ƙafa wanda ciwon sukari kan jawo. Yawancin masu irin wannan ƙaramin asibitin garinsu suke zuwa, inda ma'aikaci ɗaya ke fama da dogon layi. Shi ya sa ake son tambayoyin su zama kaɗan.

Akwai wata gajeruwar takarda da ake kira PEG, wadda likitoci a Amurka suka fitar a 2009. Tambaya 3 ce kurum, duk a kan kwana 7 da suka wuce. Ta farko, yaya ƙarfin zogin yake a galibin lokaci? Ta biyu, yaya ya hana ka jin daɗin zaman duniya? Ta uku, yaya ya hana ka ayyukanka na kullum? Kowace ana amsa ta da lamba daga 0 zuwa 10. Sifili yana nufin babu kome, 10 kuwa iyakar tsanani ke nan. Wanda bai iya karatu ba sai a karanta masa, akwai kuma hoton fuskoki 6, daga mai walwala zuwa mai tsananin wahala, wanda mutum zai nuna da yatsa. Don ciwon baya akwai wata doguwa mai sashe 10, ana kiranta Oswestry da sunan wani gari a Ingila, masana a Jami'ar Bayero ta Kano kuwa sun mai da ita Hausa.

Amfanin abin ba ya fitowa a zuwan farko, sai an maimaita. A ce wani tela ya zo da ciwon baya, ya ba da 8 da 7 da 6, jimla 21. Aka koya masa motsa jiki, aka gyara masa yadda zai zauna a kan keke, aka ba shi magani. Bayan mako 6 ya komo, ya ba da 7 da 4 da 3, jimla 14. Da an tambaye shi “Yaya jiki?” kurum, da ya ce ciwo na nan, har a canja masa magani a banza. Amma takarda ta nuna sulusi ya ragu, ga shi ya koma ɗinki yini guda. Likitoci suna ɗaukar raguwar kashi 30 cikin 100 a kan sauƙi ne na gaske. Ciwo mai daɗewa ba kullum yake warkewa sarai ba, saboda haka komawar mutum gona ko kasuwa, da samun barcin dare, su ne babban abin nema.

To, jama'a, ga inda aikin ya rataya a wuyanku. Mu mutane ne masu dauriya da kunya, an tambayi mutum yana cije leɓe, sai ya ce da sauƙi. Wannan kyakkyawan hali ne a zaure, amma a gaban ma'aikacin lafiya yana ɓatar da shi, ya zaci maganin da bai yi kome ba ya yi aiki. Wani kuma yakan ce 10 kullum don a kula da shi da wuri. Shi ma kansa ya cuta, gama an rasa hanyar gane ranar da ciwon ya ƙaru da gaske. Haka nan maigida ko ɗa da ya rako mace ko tsoho, ya yi haƙuri ya bar mai ciwon ya amsa da bakinsa. Ai ba a jikinsa abin yake ba.

Ma'aikata su ma akwai abin lura a gare su. A shekarun 1990 asibitocin Amurka suka ɗauki al'adar tambayar kowa lambar zogi, aka kuma dinga ƙoƙarin sauko da ita da magunguna masu ƙarfi dangin ofiyom. Wannan yana cikin abubuwan da suka jefa mutane da yawa cikin jarabar ƙwaya a can. Lamba ita kaɗai ba ta isa ta sa a ƙara magani ba, lalle sai an haɗa ta da duba jiki da sauraron bayanin mutum. Mu ma a nan mun ga ɓarnar da tramadol ya yi wa samari. Magungunan zogi na kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, in an daɗe ana shansu sukan ji wa ciki da ƙoda. In an gwada magani mako da makonni amsar tambaya ta uku ba ta motsa ba, daidai ne a sake shawara, ko a tura mutum babban asibiti.

Akwai alamun da ba a jiran ranar awo a kansu. Ciwon baya da ya zo tare da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, a kai mai shi asibiti a ranar. In babu waɗannan, ku adana katinku inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ku roƙi ma'aikaci ya rubuta lambobin 3 da kwanan wata a kai, ku komo da shi ranar da aka sa muku, ko da kun ji sauƙi.