SANYIN DAJI TA ƘASA YAKE SHIGA: Zaɓen Shimfiɗa Da Jakar Barci Ga Maharban Mubi

Da zarar an kammala girbin dawa da masara a ƙasar Mubi, iskar hunturu kuma ta soma kaɗawa daga arewa maso gabas, sai maharba su shiga gyaran bindigogi da kwari da baka, domin lokacin shiga daji ya yi. A unguwar Wuro Patuji, kamar sauran unguwannin garin, mutum zai ga ana ɗaure kaya a bayan babur: jarkar ruwa, da garin kwaki, da adda, da tocila, da magunguna. Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a cikin kayan nan duka shi ne abin kwanciya. Sau da yawa tsohon bargo ne guda da buhun taki da aka farke, alhali kuwa maharbin zai kwana uku ko huɗu a sarari cikin watannin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyi ya fi tsanani.

A zamanin da, wuta ce bargon maharbi. Akan jawo kututture a cinna masa wuta, a kewaye shi har gari ya waye. Amma al'amura sun sake. A ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, maharba da 'yan banga kuwa suna cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji aka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba na wannan shekara. Tun daga nan aikin maharbi ya ƙaru, ya haɗa da sintiri da bin sawun ɓarayin shanu da masu satar mutane. Mai irin wannan aiki ba ya hura wuta da dare, domin wutar da aka hura a kan tudu ana hango ta daga nesa. Saboda haka abin da ya ɗauko a bayansa shi kaɗai zai raba shi da sanyi, kuma wanda ya kwana yana makyarkyata ba ya wayar gari da hannun da zai riƙe bindiga daidai, ko idon da zai gane sawu.

IRIN SANYIN DA AKE FUSKANTA

Garin Mubi yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 580 daga gaɓar teku, a gindin duwatsun Mandara waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru. A cikin gari, zafin iska da asuba a watan Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Selshiyas. Masana yanayi sun tabbatar cewa duk hawan mita 1,000 yakan rage kimanin digiri 6, duwatsun nan kuwa akwai masu zarce mita 1,000. Bugu da ƙari, iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka da dare takan gangaro ta taru a kwari. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya kwana a bakin kogin Yedzaram ko a fadama yakan ji sanyin da ya fi na wanda ya kwana a gefen dutse inda iska ba ta bugawa.

Mai karatu zai iya cewa ai digiri 8 ko 10 ba abin tsoro ba ne, tun da a Turai ƙanƙara ake kwana a kai. To, jikin ɗan Adam yana zaune ne a kan digiri 37, in kuwa zafin cikinsa ya sauka ƙasa da 35, likitoci suna ɗaukar mutum a matsayin wanda sanyi ya yi wa illa. Hakan tana iya faruwa ko ba ƙanƙara, muddin gajiya da yunwa da jiƙaƙƙun tufafi da iska suka haɗu. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, watau rigar da ta sha gumin yini babbar abokiyar gaba ce da dare. Alamun farko su ne rawar jiki mai tsanani, da sarƙewar harshe, da ruɗewa, da kasa ɗaura maɓalli. In rawar jikin ta tsaya alhali mutumin yana ƙara ruɗewa, to al'amari ya ɓaci, sai a gaggauta ɗumama shi a nemi asibiti.

SHIMFIƊA CE GABA DA MAYAFI

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, bargo da jakar barci ba su da zafi na kansu. Iskar da ta maƙale a tsakanin zaruruwansu ita ce take tare zafin jiki. Sa'ad da mutum ya kwanta, nauyinsa yakan danne ɓangaren da ke ƙarƙashinsa, iskar ta fita, ya zama tsakaninsa da ƙasa sai ƙyalle. Ƙasa kuwa, balle dutse ko yashin rafi, ba ta gajiya da shan zafi har asuba. Don haka mai jakar barci ta dubban nairori wanda ya kwanta a kan buhu zai sha sanyin da mai bargo ɗaya da shimfiɗa mai kauri ba zai sha ba.

Kakanninmu sun san wannan. Buzu da agalemi, da tulin busasshiyar ciyawa da ake shimfiɗa tabarma a kai, da gadon kara, duk hanyoyi ne na raba jiki da ƙasa. Tabarmar kaba ita kaɗai takan hana ƙura, amma ba ta da kaurin da za ta tare sanyi.

Shimfiɗun zamani iri uku ne. Akwai ta roba mai ƙananan kumfa a rufe, irin robar da ake yin silifa da ita, wadda ake naɗewa ko a ninke. Akwai katifar iska da ake hurawa. Sa'an nan akwai mai soso a ciki wadda take shan iska da kanta in an buɗe bakinta, irin wadda kamfanin da ke yin Therm-a-Rest ya fara fitarwa a birnin Siyatil na Amurka a 1972. Masu yin su suna rubuta lamba tare da harafin R, wadda take nuna ƙarfin tare sanyi, kuma daga 2020 manyan kamfanoni suka koma awo da ƙa'ida ɗaya wadda aka tsara a Amurka a 2018. Lamba 2 ta isa daren da sanyinsa bai kai na ƙanƙara ba, 3 zuwa 4 na daren da ruwa ke neman daskarewa, 5 zuwa sama kuwa na masu kwana a kan ƙanƙara ne. In aka ɗora shimfiɗa a kan wata, lambobinsu haɗuwa suke yi.

Ga dajin ƙasar Mubi, ta roba ita ce ta fi dacewa, ko da yake ta iska ta fi laushi. Dalili kuwa ƙaya. Dajin da ke cike da ƙarangiya da tsaidau da ƙayar aduwa da ta farar ƙaya ba wurin katifar iska ba ne, huda ɗaya ta isa mutum ya farka tsakar dare a kan ƙasa, yin faci cikin duhu kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ta roba ko an huda ta sau ɗari aikinta yana nan, ba ta shan ruwa, nauyinta bai kai rabin kilo ba, lambarta kuma wajen 2 ce. In aka tara ciyawa mai kaurin taƙi guda aka shimfiɗa ta a kai, ta wadatar har a kan dutse. Soson katifa na gida kuwa a guje shi, domin yana lotsewa, yana kuma shan raɓa kamar auduga.

KARANTA LAMBAR JAKA

Jakar barci, watau bargon nan da aka ɗinke kamar buhu aka sa masa zif, akan ci karo da ita a cikin dilar gwanjo da wurin masu sayar da tsofaffin kayan soja. Kafin a yi ciniki, lalle ne a duba ƙyallen da aka liƙa mata. Ƙasashen Turai sun kafa ƙa'idar awonta a 2002, daga baya a 2016 ta zama ta duniya mai lamba ISO 23537. Akan sa mutum-mutumi mai ɗumi a cikin jakar, a ɗaki mai sanyi, a fitar da lambobi uku. Ta farko ita ce sanyin da mai saurin jin sanyi zai yi barci a miƙe cikin jin daɗi. Ta biyu ita ce iyakar da namiji lafiyayye zai yi barci a dunƙule. Ta uku, wadda ta fi ƙanƙanta, tana nufin mutum zai iya tsira da ransa na 'yan sa'o'i ne kurum, cikin azaba. Ta farkon ita ce abin dubawa, ko da mai kaya ya nuna ta ukun don ya ƙara kuɗi. Daɗin daɗawa, awon ana yin sa ne a kan shimfiɗa mai lamba kusan 5, saboda haka wanda ya kwanta a ƙasa kada ya sa ran jakar za ta cika alkawarin da aka rubuta.

Har ila yau a lura da harafin da ke bayan lambar. C ma'aunin da muka saba da shi ne, F kuwa na Amurka ne. Lamba 32 ta F ita ce sifiri ta C, 40 ta F kimanin digiri 4 ne, 50 kuma digiri 10. Maharbin ƙasar Mubi zai wadatu da jakar da lambarta ta farko take tsakanin sifiri da digiri 5 na C. Wadda aka yi don ƙasashen ƙanƙara nauyi ce kawai, za ta kuma sa shi gumi, gumin kuwa shi zai jawo sanyi da asuba.

Abin da ake cusawa a ciki iri biyu ne: lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, da audugar roba. Gashin tsuntsu ya fi sauƙin ɗauka, ya fi ɗumi, amma yana da tsada, in ya jiƙe ya dunƙule ba shi da amfani har sai ya bushe, wanke shi daga ƙurar hunturu kuma sai da dabara. Audugar roba ta ɗan fi nauyi, wajen kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma tana riƙe ɗumi ko ta yi laima, tana saurin bushewa, kuɗinta kuma da dama. Mai saye a gwanjo ya girgiza jakar ya ajiye ta, ya ga ko za ta kumbura. Ya ɗaga ta ga hasken rana, duk inda haske ya ratsa, nan sanyi zai shiga. Ya ja zif sama da ƙasa daga ciki da waje, ya kuma shiga ya gwada tsawonta, domin wadda ta yi kaɗan takan matse a ƙafa, wadda ta yi yawa kuma jiki ba ya iya ɗumama ta.

Siffar jaka ma abin dubawa ce. Mai tsukewa wajen ƙafa da hula a kai ta fi ɗumi, sai dai fita daga cikinta da sauri yana da wuya. Wanda ke aikin tsaro, wanda ana iya tashinsa a kowane lokaci, gara ya nemi mai zif har ƙasa, ya buɗe ta ya lulluɓa kamar bargo, ya cusa ƙafafunsa kawai. Wanda bai sami jaka ba kada ya damu, bargon ulu ko gwado mai kauri, da tamfol ko leda a sama don tare iska, a kan shimfiɗa ta gari, sun isa. Ulu ma yana da fifiko guda, watau ba ya narkewa in tartsatsi ya faɗa masa, nailan kuwa narkewa yake yi ya manne wa fata.

KAFIN A KWANTA

A sake riga busasshiya, a sa hula da safa, a ci abinci ko da ɗan ƙuli-ƙuli da kunu ne, domin abinci shi ne itacen da jiki ke hura wutarsa. Kada a cusa fuska a cikin jaka, tururin numfashi yana jiƙa ta. Kada kuma a shiga da gaushi cikin tanti ko kogon da aka toshe, domin gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barci. Duwatsun arewa maso gabas gidan kububuwa ne da kunama, don haka a kakkaɓe jaka da takalma kafin a shiga, da safe kuma a shanya ta ta sha iska sa'an nan a naɗe. In an dawo gida a rataye ta a sake, ajiye ta a matse wata da watanni shi ke kashe kumburinta.

Ya kamata shugabannin maharba da ƙananan hukumomin da ke taimaka musu da babura da tocila da takalma su sa shimfiɗar roba a cikin lissafi, tun da kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na babur ko na jinyar mutum guda a asibiti. Maharbin da kuɗinsa bai isa abu biyu ba kuwa, shimfiɗa zai fara saya, jaka ta biyo baya in Allah ya hore. Allah ya tsare masu tsare mu, ya mai da su gida lafiya.