Milimita 35 ko 50: Yadda Kyamara Mai Awon Nisa Ke Zaɓa Wa Mai Ita Gilashi

Tambayi masu ɗaukar hoto da kyamara mai awon nisa, irin su Leica M, wane gilashi suka fi so, za ka ji amsar ba ta cika wuce biyu ba: milimita 35 ko milimita 50. Wasu za su ce 28, 'yan ƙalilan su ambaci 90. Fiye da shekara sittin ke nan ana wannan muhawara, kowa na ganin ra'ayinsa yake faɗa. A ganina, ƙirar kyamarar ce ta riga ta yi rabin zaɓin tun kafin mai ita ya buɗe baki.

A irin wannan kyamara, mutum ba ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton yake kallo ba. Akwai wata 'yar tagar leƙe daban a gefe, a cikinta an zana layukan haske masu nuna iyakar abin da zai shiga hoto, a tsakiya kuma akwai wani ɗan fili inda abu ke bayyana biyu. Sai ka yi ta murza zoben gilashi har biyun su haɗe, nan ne hoto ya yi kaifi. Wannan taga ba ta canzawa komai gilashin da ka ɗaura. In ka sa mai dogon zango, layukan su tsuke su zama ɗan akwati, awon kuma ya rage inganci, shi ya sa milimita 135 ce ƙarshen abin da ake iya amfani da shi. In ka sa wanda ya fi 28 faɗi, taga ta kasa ɗauka, sai an kafa wata a saman kyamara. Kusa-kusa ma akwai iyaka, domin awon ba ya aiki a ƙasa da santimita 70. Abin da ya rage a tsakiya shi ne inda kyamarar ta fi ƙarfi, kuma can ne 35 da 50 suke.

Tarihi ya ƙara ɗaure wannan. Leica ta farko da ta shiga kasuwa a 1925 da gilashin milimita 50 ta zo, ƙirar Max Berek. M3 ta 1954 an yi tagarta ne domin 50, 90 da 135, mai son 35 sai ya sayi gilashin da aka maƙala wa wani tabarau da ke faɗaɗa tagar. Da M2 ta biyo baya da layukan 35 a cikinta, 'yan jarida suka rungume ta. Henri Cartier-Bresson ya yi mafi yawan aikinsa da 50, Garry Winogrand ya bi titunan Amurka da 28. Matasa suka ga hotunan, suka nemi kayan da aka yi su da shi. Bambancin kuwa na gaske ne: 50 na ware mutum daga hayaniyar da ke kewaye da shi, 35 na tilasta maka matsowa ka shigar da wurin da mutumin yake ciki.

Abin da ya canza a wannan ƙarni shi ne masu ƙera gilashin da masu sayensa. Bayan Nikon F ta fito a 1959, ƙwararru sun yi ta komawa kyamarori masu madubi, har aka zaci kyamara mai awon nisa ta zama kayan tarihi. Sai a 1999 kamfanin Cosina na Japan ya farfaɗo da sunan Voigtländer, ya fara fitar da gilasai masu kyau a farashin da ɗalibi zai iya tara wa kuɗi. Zeiss ma ya shigo da jerin ZM. Babbar girgiza ta zo a 2013, lokacin da Sony ta fitar da A7 marar madubi. Tazarar da ke tsakanin mazaunin gilashin Leica M da fim milimita 27.8 ce, ta Sony kuwa 18, don haka ɗan zoben ƙarfe ya isa ya haɗa su. Nan take mutanen da ba su taɓa riƙe Leica ba suka shiga neman gilasanta. Komawar matasa ga fim ta ƙara wa wutar mai, har Leica ta sake ƙera M6 a 2022. A wannan tsakanin kamfanonin Sin, irin su 7Artisans da TTArtisan, suka cika kasuwa da gilasai na 'yan ɗaruruwan daloli, alhali sabon gilashin Summicron na Leica sai da dubbai.

Alherin wannan a fili yake. Wanda a da ba shi da hanyar gwada gilashi mai faffaɗar ƙofar haske, yanzu ya samu. Amma araha ba ta ado: wasu daga cikin waɗannan gilasai sukan zo da ɗan sukurudireba da takardar gwaji a cikin kwali, domin mai saye ya daidaita awon da kansa. Wanda bai iya ba zai yi ta samun hotuna masu dishi-dishi, ya ɗora wa idonsa laifi. Haka kuma tsofaffin gilasai masu faɗi, waɗanda bayansu ke matsowa dab da fim, sukan ɓata kusurwoyin hoto a kan kyamarorin dijital da ba don su aka ƙera ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙaunar tsohon gilashi ta koma harkar masu tarawa. Summicron 35 na 1958, mai gilasai takwas a cikinsa, da Noctilux na Leica ƙirar Walter Mandler, mutane na son su ne saboda laushin da suke ba fuska da yadda suke narkar da bayan hoto. Wannan so yana da tushe, domin sabbin gilasai kan yi kaifin da ke tona kowane tabo. Sai dai farashi ya yi sama har da yawa daga cikinsu sun bar hannun masu aiki sun koma durowar masu ajiya. Kamfanin Light Lens Lab na Sin ya ga wannan giɓi ya shiga kwaikwayon tsofaffin ƙira, har da shi wancan Summicron ɗin. Ya taimaki mai ƙaramin ƙarfi, ban musa ba, amma kasuwar da ta fi ba kwaikwayo lada a kan sabon tunani ba za ta haifi wani Mandler ba.

Ita kanta Leica tana jan akala zuwa wani gefen. M11 ta 2022 na da megafiksel 60, kuskuren awo komai ƙanƙantarsa sai ya fito. APO-Summicron 35 na 2021 yana matsowa har santimita 30, wurin da awon nisa ba ya kai, dole a duba allo. Wayoyin hannu kuma, da gilasansu masu faɗi, sun saba wa idon matasa da kallon da ya fi kusa da 28, abin da Leica Q ta 2015 ta ci riba da shi. Ina sa ran 28 za ta ci gaba da cin rabon 50.

Duk da haka, ga wanda zai fara yau, shawarata ita ce ya leƙa tagar kyamararsa ya ga waɗanne layuka idonsa ke gani gaba ɗaya ba tare da wahala ba, musamman in yana sa tabarau. Ya sayi gilashi guda na wannan zango gwargwadon aljihunsa, ya tabbatar awonsa daidai yake, sauran kuɗin ya sa su a fim da buga hotuna.