Barmani Coge: Zabiyar Funtuwa Da Mata Ba Su Manta Ba

Duk macen Arewa da aure ko neman abinci ya kai ta Sabon Ibadan, ko Agege, ko Obalende, da wuya a ce ba ta taɓa taka rawar amada da muryar Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ba. Haka abin yake a gidajen biki na gida, tun daga Katsina har garuruwa irin su Obi ta ƙasar Lafiya. Allah ya yi mata rasuwa a Funtuwa ranar Asabar, 2 ga watan Maris, 2013.

Ita dai amada kiɗan mata ne zalla. Ana kife ƙore, wata a kan ruwa cikin masaki, wasu a ƙasa, ana bugawa da 'yan sanduna, zabiya na bayarwa 'yan amshi na karɓa. A cikin gida ake yin ta, wato inda namiji ba ya shiga, saboda haka mata kan saki baki su faɗi abin da ke ransu. Kafin Barmani an yi Hajiya Uwaliya Mai Amada a Kano. Amma Barmani, wadda ta yi tashe tun daga shekarun 1970, ita ce ta fito da wannan hira ta tsakar gida fili, rediyo da kaset suka kai ta kunnen maza.

To, a nan ne aka sha bamban. Waɗansu malamai da magidanta suka ce bakinta ba linzami, musamman kan waƙoƙin da ta yi wa surar jikin mace da zaman kishi. Gaskiya ne, akwai baitocin da mutum ba zai so ya ji a gaban surukinsa ba. Sai dai masu wannan suka kan tsallake abin da ta fi nacewa a kai, wato mace ta kama sana'a. A waƙarta "Sakarai Ba Ta Da Wayo" ta yi kaca-kaca da macen da ke zaune hannu rabbana, komai sai ta jira miji ko ta ara wajen kishiya. Mai tuyar ƙosai a Idi-Araba ta san da wa ake.

Bayan fitowar "Turmin Danya" a Kano a 1990, finafinan Hausa suka zo da waƙar fiyano. Zabiyoyin fim irin su Fati Nijar suka karɓe fagen biki, kuma mai amarya ya ga hayar lasifika ta fi ɗauko ayarin masu ƙwarya sauƙi. Barmani ba ta ajiye ƙwarya ba har ƙarshen ranta. 'Yan mata masu murya kuwa, yawancinsu ɗakin ɗaukar waƙa suke nufa, ba bayan tsofaffin zabiyoyi ba.